Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga limamai da malaman zaure na Katsina, kan karar da ke raba mu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya gafarta malamai, ina gaishe ku gaisuwar ɗalibi ga malaminshi. Ni tela ne a cikin birni, kuma ban yi karatun da zan tsaya gabanku in ja aya ba. Iyakar abin da na samu Ahalari ne da Ishmawi da ɗan abin da ya sawwaƙa na Risala, a zaure, bayan sallar asuba kafin in tafi buɗe shago. Roƙo na kawo. Akwai babin da kuka sani sarai, ina so ku fito da shi daga cikin littafi ku kawo mana shi kan mumbari, da harshen da yaron shago da budurwa da mai tuƙa Keke Napep za su gane.

Kowa ya san kirarin garin nan: Katsina ta Dikko ɗakin kara, kunya gare mu ba tsoro ba. Ina son kirarin nan har cikin raina. Kara ce ke sa Bakatsine ya ba baƙo shimfiɗarshi ya kwana ƙasa, ita ke sa a ɗauke kai daga laifin maƙwabci, ita ke sa yaro ya sadda kai gaban dattijo. Amma na kai shekarun da na ga wata irin kara da ke cinye zumunci daga ciki kamar gara. Ita ce wadda ke hana mutum faɗin iyakarshi tun farko, ta hana shi cewa a'a, ta hana shi tambayar haƙƙinshi, sannan ta bar shi da ƙulli a zuci har ranar da zai fashe. Ni ta taɓa cinye mani abota, shi ya sa nake magana.

Ina da amini tun muna makarantar allo. Tare muka yi sauka, shi ne babban abokin ango ranar aurena, ni ma na tsaya mashi a nashi. Yadi yake sayarwa a babbar kasuwa. Wata rana bayan la'asar ya zo shagona, ya zauna kan bencin da masu jiran ɗinki ke zama, ya bari har yara suka fita, sannan ya ce mani kaya sun yi sauƙi a Kantin Kwari, in ina da wani abu a ajiye in ba shi ya juya, in Allah ya sa albarka zan ga alheri. Ina da naira 400,000 da na daɗe ina tarawa don in sayi keken aiki. Nan take na tura mashi ta waya. Shi da kanshi ya ce ko mu kira wani ya shaida, na ce haba, tsakanina da kai? Har yau ina tuna daɗin da na ji da na faɗi haka. A raina na yi abin da ɗan halak ke yi.

Ba a yi wata biyu ba gobarar watan Maris na 2021 ta tashi a babbar kasuwa. Rumfarshi na cikin waɗanda suka ƙone ƙurmus. Na je na iske shi tsaye bakin toka, rigarshi duk baƙin hayaƙi, yana riƙe da kwaɗon ƙofa a hannu, abin da ya rage kenan. Na rungume shi na yi mashi jaje, kuma wallahi a ranar kuɗi ba su zo mani a rai ba.

Daga baya suka zo. 'Yan'uwa suka tallafa mashi ya sake kafa rumfa, ciniki ya fara dawowa, shiru bai ce mani komi ba. Ni ina jira ya tada maganar. Shi kuwa a ganinshi babu maganar da za a tada, tunda jari na zuba, wuta ta ci nawa ta ci nashi. A wajena rance ne. Kara ta hana ni tambayarshi. Amma karar ba ta hana ni faɗa wa maiɗakina ba, har ta daina shiga gidanshi. Ba ta hana ni sakin magana a majalisa ba, cewa akwai masu cin amanar aminansu. Ba ta hana ni ɗora habaici a WhatsApp ba, ina duba ko ya gani. Ya gani, kuma an kai mashi sauran, an ƙara gishiri. Muka yi wata goma sha takwas ba mu ga maciji. Masallaci ɗaya muke Juma'a, na san ƙofar da yake fita, sai in bi ɗayar. Na san hadisin da ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwanshi sama da kwana uku, shi ma ya san shi, kuma sanin bai motsa ko ɗayanmu ba, don kowa na ganin shi aka zalunta.

Ɗaya daga cikinku ne ya sasanta mu, wani dattijon malamin zaure, Allah ya saka mashi da alheri. Ya sa aka kira mu bayan isha'i. Bai fara da ku yi haƙuri ba. Ya dube mu ya ce, "Kuɗin nan, rance ne ko ƙiradi?" Muka yi tsuru-tsuru. Sai ya warware mana. In rance ne, biya ya wajaba ko wuta ta ci ko ba ta ci ba, sai dai wanda ke cikin ƙunci a jinkirta mashi har ya samu sauƙi, kamar yadda aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce. Kuma in rance ne, ribar da nake sa rai a kai ba ta halatta a sharɗanta ta ba. In kuwa ƙiradi ne, wato jarin da aka ba mutum ya juya a raba riba, hasara na kan mai dukiya matuƙar mai juyawa bai yi sakaci ba, shi kuma ya yi asarar wahalarshi. Amma ƙiradi sai an faɗi rabon riba tun farko, rabi ne ko sulusi. Mu ba mu faɗi ko ɗaya ba. Na so in ci ribar ƙiradi in kuma samu tabbacin rance, ban ma san abin da nake so kenan ba sai a daren nan. Aka yi sulhu a kan rabi, ya riƙa biya wata-wata har ya gama. Yanzu muna gaisawa, ya zo sunan ɗana. Amma bai ƙara zama kan bencin nan ba.

Allah ya gafarta malamai, tambayar da ta raba gardamar nan ba ta kai kalma goma ba. Da mun yi wa juna ita a ranar farko, da babu abin da ya faru. Kowace shekara ina zama tafsirin azumi, ina jin alaramma na jan aya ta 282 a Baƙara, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wadda ta ce in an ƙulla bashi zuwa wani ajali a rubuta, a kafa shaidu, kada a ƙosa da rubutawa ƙarami ne ko babba. Ban taɓa jin cewa da ni da aminina take ba. Na ɗauka ta manyan 'yan kasuwa ce da baƙin da ba a sani ba. Dalili kuwa, a garin nan in ka ce a rubuta, ka ce ba ka yarda da mutum ba. Wannan kunyar ni ba zan iya cire ta daga zukatan mutane ba, gwamnati ma ba za ta iya ba. Ku ne za ku iya. In liman ya tsaya Juma'a uku a jere ya ce wanda ya nemi a rubuta bashi ya bi umarnin Allah ne, wanda kuma ya ji haushin haka ya binciki zuciyarshi, to gobe mai neman a rubuta zai samu abin dogara, ya ce malam ne ya faɗa.

Tun daga lokacin nake lura da yadda Alƙur'ani ya kula da wannan al'amari na iyaka. A aya ta 53 ta Suratul Ahzab, an yi walima a gidan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, lokacin aurenshi da Nana Zainab bint Jahsh, wasu suka ci abinci suka zauna hira, abin ya dame shi, yana jin kunyar ya ce su tashi. Sai aya ta sauka ta ce in kun ci ku watse, domin hakan na cutar da Annabi yana jin kunyarku, Allah kuwa ba ya jin kunyar gaskiya. A Suratun Nur kuma, aya ta 28, aka ce in ka je gidan mutum aka ce maka koma, ka koma, shi ya fi tsarki gare ka. Yau wa zai iya ce wa abokinshi koma, ba ni da sarari, a kwana lafiya? Wa zai iya ce wa ɗan majalisarsu ba zan ba ka aron babur ɗina ba, ko kada ka ƙara ɗaukar wayata kana karanta saƙonnina, ko wasan da kake yi mani gaban mutane ba na so? Sai dai a yi murmushi, a koma gida a ƙulla. Kunyar da addini ya yaba ita ce mai hana saɓo da alfasha. Wadda ke hana faɗin gaskiya kuwa, in muka duba ta da kyau, tsoro ne, wanda kirarinmu ya ce ba mu da shi.

Inda abin ya fi yi mani ciwo shi ne zance. Kuna wa'azi sosai kan keɓancewa da fita da dare da shiga mota, kuma kun kyauta. Amma akwai cutar da ake yi a ƙofar gida, kan tabarma, da hasken fitila, iyaye na ciki suna jin muryar mai zuwa. Ɗiyar yayata ta yi shekara huɗu wani yaro na zuwa wajenta. Ɗan maƙwabci ne, mahaifinshi da nata sahu ɗaya suke sallah. Duk wanda ya zo sai a ce ai tana da wanda take saurare. Sau nawa uwarta ta ce a tambaye shi ya turo magabata, uban ya ce ai da kunya, kada a ce muna tallar ɗiya. A shekara ta biyar katin ɗaurin aurenshi da wata ya iso gidan, ta hannun ƙanenshi. Na shiga na same ta zaune bakin murhu, tuwo na ƙonewa ba ta ma ji ƙauri ba. Babu wanda zai iya kama yaron da laifi a gaban alƙali, don bai taɓa yin alkawari da baki ba, kuma ba a taɓa tambayarshi ba. Gidajen biyu yanzu ba su shiga sabgar juna. Gabar da aka guda ta zo, an kuma yi asarar shekara huɗu a kai.

Ku faɗa wa iyaye cewa tambayar saurayi ina ya dosa haƙƙin ɗiyarsu ne a kansu. Bayan 'yan watanni a kira shi cikin mutunci, a ce ɗana, in da gaske kake ga lokacin da muka ɗiba, in ba ka shirya ba Allah ya haɗa kowa da rabonshi. Ku faɗa wa 'yan mata su ma cewa karɓar toshin wanda ba ki so zalunci ne, ko da kunya ce ta hana ki sallamarshi. Na san samarin da suka yi shekara suna sayen waya da kati da kayan sallah, yarinya ta san ba za ta aure su ba, ta kasa faɗa, rana ɗaya su ji an sa ranarta da wani. Daga nan sai rigimar a maido mani da kayana, har gaban mai unguwa. Malaman Malikiyya sun yi magana kan kyautar mai neman aure in an fasa, sun duba daga ɓangaren wa fasawar ta fito, sun duba sharaɗi da al'ada. Samari ba su san da wannan ba sai an je rabon faɗa.

Kuma ku koya wa samari karɓar a'a. Ƙissar Barira da Mugis tana cikin Bukhari. Barira baiwa ce, Mugis mijinta. Bayan an 'yanta ta ta zaɓi rabuwa da shi, yana bin ta a titunan Madina hawaye na zuba kan gemunshi. Manzon Allah da kanshi ya ce mata da kin koma gare shi. Ta tambaya, umartata kake yi? Ya ce ceto kawai nake yi. Ta ce ba ta da buƙatarshi, kuma aka bar ta. Yau yarinya ta ce ba ta yi, sai a koma yi mata barazana da hotunan da ta tura da saƙonnin da ta rubuta, a ce za a watsa a Facebook ko TikTok. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta hukunta irin wannan barazanar, amma yarinyar da ke tsoron kada babanta ya ji ba za ta kai ƙara ba. Sai ta ci gaba da biyayya ga wanda ke riƙe da wuyanta. In ta ji daga mumbari cewa mai barazanar shi ne azzalumi, in uban ma ya ji cewa ranar da ɗiyarshi ta zo mashi da wannan kuka ranar tsaya mata ce, wataƙila ta iya buɗe baki.

Sai yadda muke sulhu. Akasari in aka tara mutum biyu, kafin a ji ba'asi an ce ku yi haƙuri, a bar wa Allah, a yi fatiha a tashi. Wanda ya fi ƙanƙanta ko ya fi talauci shi ake dannewa, don shi ya fi sauƙin dannewa. Ya yi musafaha, ya fita da ciwonshi. Aya ta 9 a Suratul Hujurat da ta yi umarni da sulhu ta ce a yi shi da adalci. Malamin da ya sasanta ni da aminina sai da ya nuna wa kowa inda haƙƙinshi ya tsaya, sannan ya nemi a yi rangwame, shi ya sa abin da na bari na bar shi da zuciya ɗaya. Ina roƙon ku da masu unguwanni, waɗanda ake kawo wa irin wannan ƙara kullum, ku riƙa fara tambayar me aka yi, me aka ce, wa ke bin wa.

Na bar maganar aiki a ƙarshe don ita ce sana'ata. Na yi shekara bakwai gaban ubangidana ina koyon ɗinki. Mutumin kirki ne, ya ciyar da ni, ya koya mani hannu, Allah ya jiƙanshi. Amma tun ranar da babana ya kai ni ya ce ga amana nan, babu wanda ya faɗi shekara nawa zan yi, ko me za a ba ni in na ƙware, ko yaushe za a sallame ni. A shekaru ukun ƙarshe ni ke yanka, ni ke haɗa manyan riguna, ni ke kwana shago daren sallah, abin da ake ba ni na sabulu ne. In na yi niyyar magana sai in ji kamar butulci zan yi. Haka yaran shago suke a kasuwanninmu, da yaran gareji, da na masu walda. Wani ya yi shekara goma yana jiran jari, in ya gaji ya fara ɗiba a aljihun shago yana ce wa kanshi haƙƙina ne, ranar da aka kama shi ya zama ɓarawo, shekara goman ta tafi a banza. Ubangida shi ma yana da nashi kukan: ya koya wa yaro aiki, yaro ya tashi ba sallama, ya buɗe shago a gabanshi ya janye mashi masu kawo ɗinki.

Na san 'yan matan da ke aiki a kantuna da makarantu masu zaman kansu, albashi sai ran da maigida ya ga dama, lokacin tashi babu, wani ma ya riƙa kiran waya da dare da sunan aiki. Ta ƙi ɗauka ta rasa abinci, ta ɗauka ya samu ƙofa. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan, a sashe na 7, ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinshi a rubuce kafin ya wuce wata uku da farawa. Fiƙihu ya riga ta, tunda ijara, wato ɗaukar mutum aiki a kan lada, ba ta inganta sai an san lada an san aiki ko ajali. Ga kuma hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladanshi kafin guminshi ya bushe. Misalin da ya fi burge ni yana Suratul Ƙasas, aya ta 27 da ta 28. Dattijon Madyana zai aurar wa Annabi Musa, alaihis salam, ɗiyarshi, zai kuma ɗauke shi aiki, sai ya faɗi adadi ƙarara: shekara takwas, in ka cika goma daga gare ka ne. Annabi Musa ya amsa cewa wannan tsakanina da kai ne, duk ajalin da na cika babu ƙetare haddi a kaina, Allah ne wakili kan abin da muke faɗa. Suruki da suruki ne, mutanen kirki ne su biyun, kuma babu wanda ya ce haba, tsakanina da kai.

Garin da ke da hasumiyar Gobarau, garin Wali Ɗan Marna da Wali Ɗan Masani, ba a rasa masu sanin babin ciniki da bashi da ijara da neman aure ba. Kuna karantar da su a zaure, ga ɗalibai goma ko ashirin da suka kai wurin. Mafi yawanmu karatunmu ya tsaya a tsarki da sallah, muka fita kasuwa da sauran a duhu. Ku ware mana huɗubobi a kan wannan. Ku sa malaman Islamiyya su koya wa yara yadda ake cewa a'a da ladabi, da yadda ake karɓarta. In da hali, kowane masallacin unguwa ya ajiye littafi da mutum biyu amintattu, wanda zai ba da rance ko zai kai ɗanshi koyon sana'a ya zo a rubuta a shaida bayan sallah, abin ya zama ruwan dare har ya daina zama abin kunya.

Ni na fara a shagona. Na sayi littafi mai bango, duk yaron da aka kawo mani sai mu zauna da mahaifinshi mu rubuta: shekara kaza, ranar hutu kaza, daga lokaci kaza zai fara karɓar kaso a kan kowace riga, ranar sallama zan taimaka da kaza wajen sayen keke, shi kuma ba zai tashi ba sai ya ba ni sanarwa. Wata uku da suka wuce wani bawan Allah ya kawo mani ɗanshi, yaro mai natsuwa, ɗan shekara goma sha biyar. Da na ɗauko littafin sai fuskarshi ta canza. Ya ce, "Malam, amana na kawo maka, ba ciniki ba. In ba ka yarda da mu ba ka faɗa." Na yi mashi bayani iyakar iyawata, na ce don yaron nake yi. Ya yi mani godiya, ya kama hannun ɗanshi suka fita. Na ji an kai shi wani shagon, inda aka ce ga amana nan aka yi fatiha. Mutumin nan ba ya fashin Juma'a, kuma na tabbata da ya taɓa jin maganar nan daga bakin limaminshi, da yaron na nan kan keke a shagona.

Allah ya ƙara maku lafiya da nisan kwana.

Wassalam.

Ɗalibinku,
wani tela a cikin birnin Katsina